Kitson da Kika Yi Mini Alkawari, Inna

Zuwa ga Inna Gambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da duk yaran gida, manya da ƙanana. Ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Ni ce Zulai, daga Riyad.

Na san ba kya karatun boko. Na rubuta wannan a wayar Anti Rabi, na sa shi a intanet inda mutane suke gani, ko Allah zai sa wani ɗan garinmu ya karanta miki. Na sha aiko miki da murya ta wayar ofishin gidan marayu, ban ji amsa ba. Kin san ni da kunya, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma maganar nan ta daɗe tana cina.

Lafiyata ƙalau. Muna zaune a unguwar Al-Oud, a saman bene. Abba Sule yana aiki a wani shagon aika kaya a kasuwar Batha, Anti Rabi tana ɗinki a gida. Iƙamata ta fito, wato takardar zama. Ba a dukana, ba a yi mini gori, ina ci ina ƙoshi. Na fara da wannan ne don kada ki ce na raina alheri.

Inna, tun ina ƙarama ba wanda ya taɓa yi mini kitso sai ke. Kaina ba ya son ja, kowa ya taɓa sai na yi kuka. Ke kaɗai kika iya. A bayan madafa kike zaunar da ni tsakanin ƙafafunki, ki shafa man kaɗanya, in na motsa ki ɗan buga mini mashaci a kafaɗa ki ce, "Zauna daidai, kai ba ƙwarya ba ne da za a juya shi." Sau da yawa a nan nake barci.

Da Anti da Abba suka zo daga Saudiyya suka karɓe ni riƙo, aka kai ni gidan yayar Anti a cikin gari kafin takardun tafiya su fito. Ranar da zan bar gidan marayu na riƙe zanenki na ƙi saki. Kika ce kada in ba ki kunya. Kika ce ai ba tafiyar ba ce tukuna, za mu dawo sallama, kuma a ranar ke da hannunki za ki yi mini kalaba ƙanana, kitson da zai kai ni har Sallah. Da wannan maganar na saki zanenki.

Ana gobe za mu zo, na tsefe kaina da kaina, na wanke. Yayar Anti ta ce a kira mini mai kitson unguwarsu, na ce a'a, akwai mai yi mini. Na sa mashacina a jaka.

Tun daga bakin ƙofa na ga an share tsakar gida an yayyafa ruwa. Yara sun sa kayan tarbar baƙi, waɗannan shuɗayen da kike ajiyewa a akwatin ɗakinki. Sun jeru daga ƙarami zuwa babba. Na san wannan shirin sarai, ni ce mai sa wa ƙanana riga in share musu hanci duk ranar da manyan mutane za su zo. Har na waiwaya in ga wa ke tafe a bayanmu. Babu kowa. Mu ne.

Suka yi mana waƙar maraba. Hauwa da muke cin abinci kwano ɗaya tana tsaye a gurbina a layi, ta ƙi haɗa ido da ni. Aka zaunar da ni a farar kujera. Aka kawo mini ruwa a kofin gilashin nan da kike hana mu taɓawa. Anti ta miƙo mini kwalin biskit in raba, kowane yaro ya zo ya rusuna ya ce mun gode, Allah ya ƙara arziki, kamar yadda kika koya mana. Har Musa da na goya a bayana ya faɗa mini haka.

Da manya suka shiga ofis, sai na zame, na cire takalmina, na zagaya bayan madafa. Kina nan. Zuciyata ta yi sanyi da na hango tabarmarmu a jingine. Sai kika miƙe kika tsaya a bakin ƙofa, kika ce, "Baƙi ba sa shiga madafa. Koma wurin uwarki."

Ko sunana ba ki kira ba.

Na so in cire hijabi ki ga kaina a tsefe, amma ban cire ba. Na koma na zauna a farar kujerar. Da za mu tafi kika yi wa Anti da Abba doguwar addu'a, kina ta godiya, idonki a ƙasa. A mota na leƙa ta baya, kin riga kin shige.

Haka na hau jirgi da kai a tsefe. Haka yake har yau. Sanyin na'urar ɗaki ya busar da gashin, yana dunƙulewa yana karyewa. Maman Sani maƙwabciyarmu, 'yar Maraɗi, ta ce in zo ta yi mini kyauta. Anti ma ta yi magana sau da dama. Kullum ina cewa kaina ke ciwo.

Ran nan Anti ta same ni ina fama da mashaci ina hawaye, dole na gaya mata. Ta ce kara kika yi mata. Ta ce wanda ya ba da ɗa riƙo ba ya jansa a jiki a gaban wanda ya karɓa, don kada a ce ransa bai so ba. Ta ce ita ma haka mahaifiyarta ta yi mata da aka kai ta gidan goggonta. Wai ƙila bayan tafiyarmu kin shiga ɗaki kin yi kuka.

Ƙila haka ne. Amma Inna, kin koya mini alwala, kin koya mini tuƙa tuwo, me ya sa ba ki koya mini wannan ba? Da kin gaya mini tun farko, da na zo da shirina. In kin san ba za ki yi ba, me ya sa kika yi alkawari? Don in saki zanenki kawai?

Kuma kin san me Anti ta ce? Ta ce da ta sani, da ta zauna a mota har magariba tana jiranmu. Ba ta nemi karar nan ba. Kun yi kararku ta manya, ni ce na biya.

Makaranta za ta buɗe, ba zan iya zuwa da kai haka ba. Anti ta sayo man gashi a Batha ta ajiye a gefen gadona. Na ga tana koyon kalaba a waya tana gwadawa a jikin zaren ɗinki. Na ce mata gobe bayan la'asar zan zauna. Na san za ta ja, na san zan yi kuka. Na ga ya kamata ki ji daga bakina cewa na daina jiran naki.

Ban yafe ba tukuna, Inna. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ina ƙoƙari. In an karanta miki wannan, ki je ofis ki karɓi waya ki ce Zulai, ko ba ki ƙara komai ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da wahalar da kika yi da ni. Allah ya raya Musa da Hauwa. Allah ya sa duk wanda zai bar gidan nan bayana a sallame shi yadda aka ce za a yi. Ni kuma Allah ya sassauta mini zuciya a kanki. Amin.

Taki har yanzu,
Zulai