Abin da Ruwan Bayan Baba Ya Nuna

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, Auta kuma ta gama jarrabawa, sai baƙin surutu.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Na san tun ranar da ya ce maka a waya bai san ka ba, ka daina damunsa, ba ka sake kira ba. Ban ga laifinka ba. Ni ma ya zarge ni da ɓoye masa zarto, alhali shi ya ajiye shi cikin firij. Mutumin da ya shekara arba'in yana kafinta, yau sai ya riƙe guduma yana juya ta kamar baƙuwa.

Watan jiya likitar ƙwaƙwalwa ta ce hoto bai wadatar ba, sai an ɗebi ruwan da ke zagaye da laka an auna. Umma ta ƙi, wai ta ji allurar tana shanye ƙafafu. Likitar ta zana mata gadon baya a takarda, ta nuna mata cewa ƙasa da inda laka ta ƙare ake sokawa, sannan Umma ta yarda. Aka kwantar da shi ta gefe, ya naɗe gwiwoyi, ina riƙe da hannunsa. Ruwan fari tas, ɗigo-ɗigo cikin 'yan kwalabe uku. Shi kuwa sai faɗa yake yi wa nas, wai gadon na girgiɗi, wanda ya haɗa shi bai iya aiki ba.

Bayan mako uku sakamako ya fito. Sinadarai biyu suka duba, ɗaya ya ragu, ɗayan ya hau, kuma likitar ta ce hakan na nuna cutar mantuwa ce mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Ba ta ɓoye mana ba: ba a warkewa, sai dai magani ya ɗan sassauta. Na yi kuka, amma wallahi na ji an sauke mini kaya, don rashin sani ya fi dare duhu. Ba ƙiyayya ba ce, Yaya, ciwo ne.

Jiya da rana ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Da na tambaye shi, sai ya ce kai yake jira ka taso daga makaranta, a rufe abincinka kada ya huce. Don Allah ka kira shi da safe, lokacin ya fi natsuwa, ka fara da faɗin sunanka. In bai gane ka ba, gobe ka sake kira.

Umma da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida mini Anti da 'yan biyu.

Taka har kullum,
Ƙanwarka