Hayaƙi Ba Zai Kai Miki Ba

Zuwa ga Suyun, uwar Nannan,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya gwiwar nan da ba ta son sanyi? Muna lafiya, sai dai 'yarki ta ce miyata ruwan wanki ce.

Mai gadin inda aka tsare ku ya ce ba a karɓar wasiƙa, don haka zan ajiye miki. Ya ce an ɗebi jininki, an haska cikinki da na'ura. Kin ga amfanin sigarin da na kai wa shugabansu? Ni da na fara da kurar kabeji, yau motocina shida, ba za a bar matata ba likita ba.

Sa hannu kawai suke so, cewa kin bar Falun Gong, ƙungiyar ibadarku da gwamnati ta haramta. Na san amsarki: "Tsohon jaki, ƙarya ƙarya ce ko da biro." Ki sa ki dawo. Ki ɗaga hannuwanki ki yi ibadarki a ɗaki yadda kike so, ni zan ja labule.

Mijinki,
Pang Dehai

Suyun,

Ina gaishe ki. Kina cin abinci kuwa?

Sun ce an mayar da ke wani wuri, sun ƙi faɗin ina. Malama Qiao da kuka zauna ɗaki ɗaya ta fito. Ina cikin yi mata burga da zancen likita, sai ta ajiye kofin shayinta. Ta ce duk 'yan ƙungiyarku aka ɗebi jininsu, ban da ɓarayi, kuma ba wadda aka ba ko ƙwayar magani. "Yaya Pang, wanda ya karya maka hannu jiya, ina ruwansa da lafiyar ƙodarka?"

Ana raɗe-raɗin cire wa waɗanda aka tsare ƙoda da hanta don masu jiran dashe. Ban gani ba, ban sani ba. Amma wata uku ina cika wa direbobina baki cewa ni na samo miki gwajin nan.

Naki,
Dehai

Uwar Nannan,

Gaisuwa da kewa. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Yau ranar share kaburbura. Yayata ta zo da rigunan takarda da za mu ƙona wa marigayiya Inna, har da wata shuɗiya, wai taki. Ta ce in haɗa da wasiƙun nan. "Shekara biyu fa, mai taurin kai. Hayaƙi ba ya neman izinin mai gadi."

Mun je mararraba. Na zana da'irar Inna a ƙasa da alli, na ƙona nata a ciki. Yaya ta miƙo mini allin in zana ta biyu, taki. Nannan hannuna kawai take kallo. Na sa allin a aljihu.

Matattu ake aika wa ta wuta, Suyun, kuma ba wanda ya nuna mini gawa. Wasiƙunki suna ƙarƙashin rigar sanyinki, hannu da hannu za ki karɓa. Ki yi wa kuskuren rubutuna dariya kamar kullum.

Zancen sa hannun nan kuwa, na janye.

Tsohon jakinki,
Dehai