Rugarmu Ba Ta Da Ƙuri'a

Zuwa ga mai girma shugaban masu kula da zaɓe na yankin Tibiri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, sunana Hassan Jaɓɓi, makiyayi ne ni, rugarmu tana cikin komin ɗin Geceme, wato ƙaramar hukumarmu. Nan anka haife ni, nan ubana yake kwance. Na sa wannan wasiƙa a bainar jama'a saboda na zo ofishinka da ƙafata ban samu ganinka ba.

Na farko. Ranka shi daɗe, da damina masu rajistar zaɓe sunka zo da na'urorinsu. Kowa ya san inda makiyayi yake da damina. Hukuma ce da kanta take cewa mu yi arewa da shanu don kada su shiga gonaki, kuma muna bin umarni. Muna can daji anka kafa na'ura a lakwal, wato makarantar boko, anka ɗauki hoton mutane da yatsunsu, anka naɗe kaya. Waɗanda sunka rage a ruga tsofaffi ne da mata masu goyo. Matata Aisa ta je, anka ce ta kawo takardar haihuwa. A bukka anka haife ta, wa zai ba ta takarda? Ta dawo gida. Mahaifiyata Inna Hajo kaɗai anka rubuta, don tana da tsohuwar takarda tun zamanin mahaifina.

Na biyu. Da anka cire amfanin gona munka dawo, na tafi ofishin magajin gari. Sunka ce ba aikinsu ba ne, in je Tibiri. Na hau kabu-kabu na zo. Wani saurayi a bakin ƙofarku ya ce an rufe rajista, ya ƙara da faransanci da ban gane ba. Wani ya ce in gwada Dogon Dutsi. Can ma anka ce ni mutumin Tibiri ne, in koma inda na fito. Ban ce kowa ya zage ni ba. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya rubuta sunana.

Na uku. Katin Inna ya fito, amma rumfar zaɓen da anka ba ta tana wani ƙauye can gaba, ba lakwal ɗin da ke kusa da mu ba. Tsohuwa ce, gwiwoyinta sun mutu. Na ce ta haƙura, ta ƙi. Ta ce in ba ta je ba za a ce babu mutane a rugarmu. Ranar zaɓen kansiloli na shimfiɗa mata tabarma a amalanke, jaki ya ja mu cikin rairayi har rana ta take. Na goya ta a bayana zuwa bakin rumfa, na tsaya waje, tunda ni ba ni da hurumin shiga. Ta fito tana nuna mani tawada a yatsanta tana dariya. Tun daga ranar ba ta sake tashi da ƙafarta ba, don haka zaɓen shugaban ƙasa ya wuce ba ko mutum guda daga cikinmu.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Akwai tabkin da shanunmu ke sha tun kakanni, da burtalin da ke kai mu gare shi. Bayan zaɓe, majalisar komin ta yarda a yi lambunan rani a bakin tabkin, anka kewaye da waya, burtalin ya toshe. Ban ga laifin masu lambu ba. Maƙwabtanmu ne, wasunsu muna kwana a gonakinsu da shanu don taki su ba mu hatsi, su ma yunwa ce ta kore su bakin ruwa. Amma lokacin da anka yi shawarar, ba wanda ya tuna da mu. Na je wurin kansilan yankinmu na roƙe shi a bar mana ko da hanyar da saniya guda za ta bi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce: "Hassan, ba don na ƙi ka ba. Masu lambun nan su sunka zaɓe ni. Ku ina ƙuri'unku?" Gaskiya ya faɗa.

Yanzu sai mu zagaya da dabbobi zuwa wata rijiya mai zurfi, mu yini muna jan guga. Shanu masu ciki suna zubarwa, maruƙa suna faɗuwa a hanya. Gidaje biyu sun kwashe sun tsallaka iyaka.

Ga roƙona, ranka shi daɗe. Duk ranar da za a sake rajista, a yi ta da rani muna gida, ko a biyo mu mashaya. A kawo alƙali ya ba waɗanda anka haifa a daji takarda da shaidar dattawa. A sa rumfar zaɓe inda tsoho zai iya isa. In ba hurumin ofishinka ba ne, ka faɗa mani ƙofar da zan buga, zan je.

Kada a jinkirta, don Allah. Ƙanena Sanda da samarin ruga sun ce za su yanke wayar su kora shanu cikin lambu. Ka san abin da ke biyo bayan haka. Na riƙe su da cewa akwai hanyar hukuma, wata rana za mu yi zaɓe a saurare mu. Jiya Sanda ya tambaye ni yaushe. Ban san ko zai sake tambayata ba kafin ya tashi ya yanke wayar.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare ka da zuri'arka, shi zaunar da Arewa lafiya.

Wassalam.

Hassan Jaɓɓi,
makiyayi, komin ɗin Geceme.