Ranakun da Malam Tsalha Bai Rubuta Komi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Sa'a, wadda ke kwance gabas da gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya kamaci ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ne Lawali. Ina nan Yamai, lafiyata lau, kuma ina cin abinci, tun kafin ki tambaya.

Inna, na gano abin da ya kashe miki shuka. Shekara biyu ina bin sawunshi, ashe a hannuna yake. Saura mako uku in tsaya gaban malamai in kare littafin digirina, littafin da ya ce aikin da na gwada ba shi da aibi. Ban da 'yar'uwata Balki ba wanda ya san gaskiyar, ko farfesana bai sani ba. Shi ya sa na ce bari in fara zuwa gare ki.

Ba ki taɓa gane aikina ba, kuma ban taɓa zama na yi miki bayani yadda ya kamata ba. In mata suka tambaye ki a bakin rijiya, sai ki ce Lawali neman laifi ya karanta, har ana biyan shi. Ki ƙara da cewa tun ina ƙarami haka nake, in an ba ni tuwo sai na tono tsakuwa. Wallahi ba ki yi ƙarya ba. Wasu ke rubuta porogaram, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ni kuma in zauna in yi ta jarraba shi. In ba shi lissafin banza, in ba shi kwanan watan da babu shi, in ga inda zai yi tuntuɓe kafin ya kai ga mutane. Namu porogaram ɗin yana karɓar awon ruwan sama daga ƙauyuka, ya lissafa laimar ƙasa, ya aika wa manoma saƙon murya a salula cewa lokacin shuka ya yi. Ni ne na sa hannu cewa an gwada shi, ya tsaya da ƙafarshi.

Kin tuna zangonki. Hatsin nan mai dogon kai da uwarki ta ba ki cikin gora ranar da aka kawo ki daga Bawdeta. Kowace kaka, kafin a fara girbi, sai kin shiga gona ke kaɗai kin zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ki ɗaure, ki rataye a ɗakinki inda idonki ke kai. Shekarar yunwar da ina aji uku a lakwal, makarantar boko, mun ci 'ya'yan anza har bakinmu ya daina jin ɗacinta, amma ba ki taɓa ƙwaya ɗaya daga iri ba. Na yi kuka a gaban damin nan, kika kalle ni kika ci gaba da kaɗinki.

Kuma kina da dokarki. In ruwa ya sauka, sai ki je gona ki tona da hannu. In laima ba ta kai tsintsiyar hannu ba, ki koma gida ko da duk gari sun fita da sungumi. Ko ta kai ɗin ma, kashi uku kike raba iri, ki shuka ɗaya ki riƙe biyu. Kina cewa: "Ba na ba ƙasa irina duka rana guda, ban san abin da ta ƙudura ba."

Sai shekarar da saƙonmu ya shigo salular Balki, ya ce damina ta zauna, a yi shuka gaba ɗaya. Ni kuma don rawar kai na kira ki da kaina. Na ce miki bana ki bar hannunki ya huta, na'ura ta yi miki tonon. Ina jin kunyar maganar nan har yau, ko ina zaune ni kaɗai.

Kika shuka duka. Hatsi ya tsiro, ya yi kwana goma yana kore, sannan rana ta ƙone shi tas. Sama ba ta ƙara ɗigo ba sai bayan wata guda da kwanaki, lokacin ba ki da abin da za ki mayar. Ba ke kaɗai ba, gidaje da yawa a yankinmu na Sarkin Hausa, wajen Mayahi, sun bi saƙon nan. Amma su irin kasuwa suka rasa, ke kuwa na uwarki.

Ba ki taɓa ce mini uffan ba. In na kira, sai ki tambaye ni ko na ci abinci, ko zafin Yamai ya yi sauƙi, ko har yanzu ban ga wadda ta yi mini ba. Da na ɗauko zancen gona sai ki ce ruwa na Allah ne, ki miƙa wa Balki waya. Da bazara ta zagayo kika kwanta. Na hau mota, na sauka Mayahi, na hau kabu-kabu, ko da na iso an dawo daga kai ki.

Bayan haka sojoji suka karɓi mulki. Baƙin ƙasashen waje da muke aiki tare suka tattara suka tafi, abokan karatuna kowa ya kama gabanshi. Mu shida ne a ɗakin bincike, yanzu kujeru biyar suna kife bisa tebur. Farfesa yana leƙowa sau ɗaya a mako, ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri in gama rubutu. Wuta takan ɗauke da hantsi, sai in zauna ina kallon baƙin gilashi ina jira, wani lokaci har la'asar. Na koyi yin magana da kwamfuta da Hausa, ina yi mata faɗa kamar akuya ta shiga danga. Akwai ranakun da in ban da mai wake da shinkafa ba wanda nake ce wa sannu. Kaɗaici ya dame ni, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Cikin zaman nan nake ta neman abin da ya faru a gonarki. A rubuce, kowa ya yarda cewa shekara ce ta zo da gardama, ba laifin porogaram ba, haka ma na rubuta a littafina. Amma raina bai kwanta ba. Na bi umarnin layi bayan layi, na sake gwaji ɗaruruwa, kowanne ya fito yana cewa lafiya lau. Babu abin da ya fi cin rai kamar wannan. Ka san an yi ɓarna, ka tara duk shaidu, kowa ya rantse bai ga komi ba.

Makon jiya na je gida. Balki ta haihu, ɗiya mace, an sa mata sunanki, muna kiran ta Ummi. Tana da goshinki da kuma yamutsa fuskarki. Bayan an watse daga suna na je gaida Malam Tsalha, dattijon nan da ke duba ma'aunin ruwa a bayan lakwal kowace safiya. Hira ta yi hira, na roƙe shi ya nuna mini littafin awon shekarar da shukarki ta ƙone. Ya shiga ɗaki ya fito da shi a naɗe cikin leda, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba.

Na buɗe. Kafin ruwan da kika yi shuka da shi akwai layi goma sha tara. Kowanne da kwanan watanshi, an ja shi tsaf, amma gurbin awo fari fat. A kwamfutata kuwa ranakun nan goma sha tara suna ɗauke da ruwa.

Na tambaye shi ko ba ya gari ne a lokacin. Ya ji haushin tambayar. Ya ce ko rana ɗaya bai taɓa fashi ba, kullum bayan asuba yana zuwa ya duba, ya tarar babu ko ɗigo. Na ce to me ya hana shi rubuta sifiri. Ya dube ni kamar ba a garin aka haife ni ba, ya ce: "Lawali, in tashi kowace safiya in rubuta wa Ubangiji babu? Na bar wurin ne, ruwa yana hannun Mai shi."

A littattafan da na karanta, gurbin da aka bari fari yana nufin labari bai iso ba. Mai awo ya yi tafiya, ko waya ta ƙi shiga. Don haka aka koya wa porogaram, in ya ga fari, ya duba abin da aka samu a garuruwan kusa ya cike gurbin. Ni na rubuta gwajin da ya tabbatar yana yin haka daidai, har farfesa ya yaba mini. A kwanakin nan kuwa an sha ruwa wajen Tasawa. Sai na'ura ta ɗebo ruwan Tasawa ta zuba a gonarki a takarda, ta ga ƙasa ta jiƙu, ta ce a shuka.

Baƙin da suka zo daga nesa ba za su san haka ba. Ni fa? Ni da na girma ina ji ana tambayarki labarin ruwa kina cewa muna dai jira, ba ki taɓa cewa babu ba. Na gwada ruwa mai yawa, na gwada kaɗan, na gwada lissafin da hankali ba zai ɗauka ba. Ban taɓa hawa mota na zo na tambayi dattijo ɗaya me yake nufi in ya yi shiru ba.

Da na dawo Yamai na gyara. Layi ɗaya ne, Inna. Ban gama shan kofin shayi ba na kammala. Na zauna ina kallon shi, zuciyata tana ce mini shi ke nan, wa ya sani? Waɗanda za su lura sun bar ƙasar. Littafina ya kammala, an sa rana. In na buɗe baki, babi biyu sun rushe, a ɗage ranar wataƙila shekara guda, tallafin karatuna kuma ba zai kai can ba. Ke ma kin so ki ga ranar nan, ko da kina tsokanata cewa wane irin dokta ne bai iya allura ba.

Wallahi da na yi shiru, ba don abin da Balki ta gaya mini ba.

Ranar da zan taho ta rako ni bakin hanya, ta ga fuskata ta ce in faɗa mata. Na faɗa. Ta ce ai ke kin sani. Ta ce safiyar shukar nan tare kuka je gona. Kika durƙusa kika tona kamar kullum, laima ta tsaya a gaɓar yatsu, ƙasa busasshiya a ƙarƙashi. Kika share hannu da zane, kika ce ta koma gida ta kwanto iri duka. Ta yi miki gardama, ta tuna miki dokarki, har ta yi kuka. Kika ce mata: "Duk gari sun san saƙon ɗana ne, kuma ni suke kallo. In na riƙe iri, wa zai ƙara yarda da shi?" Kika kuma hana ta gaya mini muddin kina raye.

Shekara biyu ina zaton na yaudare ki. Ashe hannunki ya gaya miki gaskiya, kika ji, kika zaɓe ni. Na rasa inda zan sa wannan, Inna. Ya fi mini nauyi fiye da laifin kanshi.

To ga abin da ya sa nake neman gafararki sau biyu. Na farko don irin. Na biyu don abin da zan yi yanzu. Kin ba da zangon uwarki don kada mutane su daina yarda da ni, ni kuma yau da bakina zan gaya musu cewa na yi kuskure. Gobe da safe zan kai wa farfesa rahoto da hoton shafin Malam Tsalha. Na san halina, ina iya isa ƙofar buro, wato ofishinshi, in juyo. Shi ya sa na sa wasiƙar nan inda kowa zai gani, kuma na ce Balki ta karanta wa mutanen gari ranar kasuwa, don in rufe wa kaina hanyar komawa.

Ki bar ni in ce musu abu ɗaya ta bayan kafaɗarki. Kada wanda ya ɗora wa Malam Tsalha laifi. Ya yi aikinshi kowace safiya, ni ne ban yi nawa ba.

Yanzu in porogaram ya ga gurbi fari, tsayawa yake yi ya ce bai sani ba, sai an kira mutum an tambaya. Kuma kowane saƙon shuka yana ƙarewa da cewa manomi ya tona da hannunshi kafin ya fitar da iri. Balki ta aika Bawdeta ko akwai wanda ya rage da zangonku cikin dangi. Har yanzu ba a samu ba.

Kafin in baro gida na je gonarki. Na durƙusa inda Balki ta nuna mini, na tura hannu cikin rairayi har tsintsiya. Akwai ɗan sanyi a can ƙasa, na kasa gane ko laima ce ko inuwar gawo ce kawai. Sau nawa kika ce in zo ki nuna mini, ina dariya ina cewa na'ura ta fi. Ban iya ba, Inna, kuma yanzu ke ba ki nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya shayar da makwancinki da rahamar da ba ta yankewa. Allah Ya ba mutanenmu damina mai albarka, Ya mayar wa kowa abin da ya rasa ta dalilina. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan gobe. Ki yafe mini.

Ɗanki mai neman laifi,
Lawali