Inda Kogi Yake Komawa Baya

Zuwa ga yayana, Hamma Sali,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina sanar da kai cewa na isa wurin da abokan tafiyarka suka ce sun yi maka ganin ƙarshe a cikin ruwa, bayan kun sauke shanu a kudu. Inna ce ta aiko ni. Ta hana limamin unguwarmu a Garwa ya yi maka sallar gawa har sai na dawo na faɗa mata abin da idona ya gani.

Wurin rairayi ne fari, da itatuwan kwakwa. Nan wani kogi mai ruwan ƙasa-ƙasa yake shiga teku, launukan biyu suna tafiya gefe da gefe, sun ƙi haɗuwa. Ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba.

Kai ka koya mini iyo a Binuwai. Kakan ce, kogi hanya ɗaya ya sani, ka bi shi kawai. Da wannan ilimin abokanka suka neme ka, suka fuskanci teku inda ruwa yake gangarawa. Masuntan wurin sun shaida mini cewa a lokacin teku yana cika, kogin ya juya yana hawa cikin kurmi. Can ya kai ka. Babu wanda ya duba can.

Masuntan sun gargaɗe ni kada in kira sunanka a bakin ruwan. A gida kuwa kiran suna muke yi idan ruwa ya ci mutum, don haka na kira, sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Ganyen da ke tafiya a kan ruwan ya tsaya cik. Sannan ya juyo a hankali, ya wuce ta gabana, ya nufi kurmin. Na karanta a jami'a cewa wata ne yake jan ruwa haka. Duk da haka na kasa ɗaga ƙafata har ruwan ya rufe mini idon sawu, da ɗumi kamar tafin hannu.

Hamma, ban ga gawarka ba, kuma ba zan ce wa Inna na gani ba. Zan ce mata wurin ba ya mayar da mutane, ta bari a yi sallar.

Allah Ya jiƙan ka a inda ruwan ya ajiye ka, Ya ba Inna ikon amsa mini da "to".

Ƙanenka,
Bakari