Majanyin Inna a Cikin Gilashi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, domin zagin da na yi wa kaina a satin nan ya isa.

Ni 'yar Zongon Lome ce, aure ne ya kai ni Adidogome. A gidanmu akwai wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi da ratsin fari, wanda kakar mahaifiyarmu ta goyo ɗanta da shi tun daga Arewa, a ƙafa. Duk jaririn da aka haifa a dangi, da shi ake fara goya shi ranar suna. A gefe guda garwashin turare ya taɓa ƙona shi, Inna mahaifiyarmu ta ɗinke wurin da jan zare. Da idonta ya fara rauni sai ta damƙa mini, ta ce, "Ke ce babba, ki riƙe." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kunyarsa nake ji. Tsumma nake ganinsa, mai warin tsohon akwati. Bara wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya shigo layinmu, na fito masa da shi, ya ɗaga shi ya juya, ya ba ni turmin atamfa sabuwa fil. Har dariya na yi masa a zuciya, wai na samu wawa. Ban gaya wa kowa ba.

To, yara suna vakans, wato hutun makaranta, sun hana ni sakat a gida, sai na ce bari in kai su mize, gidan ajiye kayan tarihi, su sha iska. Muka hau zemijan, babur ɗin haya, ni da 'yata Ummi mai shekara bakwai da ƙaninta. Suna ta murna, suna nuna ganguna da tukwane, ƙaramin yana tambaya ko za a bar shi ya buga. Muna shiga ɗaki na uku Ummi ta ƙwalla ihu, "Mama, ga majanyin Kaka!" Na juya. Innalillahi! Ga shi a shimfiɗe cikin gilashi, an haska masa fitila, jan zaren Inna yana kallona. Yarinyar ta san shi sarai, don akwai hotonta na suna a falonmu tana cikinsa. Ta matsa ta karanta 'yar takardar da ke ƙasa da Faransancinta na makaranta, ta ce, "Mama, sun rubuta wai ba a san daga inda ya fito ba. Mu gaya musu namu ne!"

Kun san abin da na yi? Na murɗe mata kunne a gaban mutane, na ce, "Rufe mini baki, maƙaryaciya, na Kaka yana cikin akwatina." Yarinyar da ta faɗi gaskiya na kira maƙaryaciya! Ko kuka ba ta yi ba, kallona kawai ta yi. A hanya na saya mata yogot mai sanyi, ta riƙe har ya narke a hannunta. Na ja mata kunne cewa in ta sake ta faɗa wa wani, ni da ita ne.

Washegari na koma ni kaɗai. Wata madam mai aiki a wurin ta saurare ni da mutunci, ta ce abin da ya shiga wurinsu ba ya fita haka nan, amma in gaskiya nake faɗi, in kawo tsohuwar ta ba su tarihinsa, su rubuta sunan gidanmu a takardar. In kawo Inna? In tsayar da ita gaban gilashi in ce ga amanarki?

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu, ɗan fari, suna ranar Alhamis. Na zagaye kasuwar Adawlato na samo wani saƙi mai kama da shi, har na sayi jan zare. Amma wa zan yaudara? Inna ba ta gani sosai, amma da yatsa take laluben ɗinkinta, tana kiran sunayen waɗanda aka goya ɗaya bayan ɗaya. Jiya da muka je barka Inna ta ce mini, "Ki wanke shi da hannu, kar ki sa masa sabulun kanti." Na ce to, Inna. Sai ta jawo Ummi jikinta ta ce, "Ke kuma 'yar boko, an ce kun je kallon kayan da. Me kika gani?" Ummi ta ɗago ta dube ni, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Kaka."

Wallahi gara a ce ta tona ni. Na rabar da abin da uwata ta ba ni amana, yanzu kuma 'yata ta yi wa kakarta ƙarya ta farko, kuma ni na koya mata. Kwana uku ya rage, jaririn yana jiran goyo, Inna tana jirana. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?