Koriyar Fitila a Gefen Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Sabon bidiyon ƙungiyar 'yan mata mawaƙan da nake bi ya fito. A bayan shago na kalle shi lokacin hutun rana, hannuna duk ƙarnin kifi. Sun sake jefa Kotone layin baya, rabin fuskarta a bayan kafaɗar wata. Ita da ta fi su duka iya rawa! Mai ɗaukar hoton nan ko makaho ne oho.

An kawo sabuwar yarinya, Hinano. Kowaccensu da launinta, nata shunayya. Ba laifi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sake kallo. Don Kotone, ba don kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Wasan rana a ɗan zauren nan na ƙarƙashin ƙasa a Osaka. Kowa ya ɗaga fitilarsa da launin gwanarsa, ja da ruwan hoda sun cika ko'ina. Koren Kotone kuwa daga ni sai Okabe-san, tsohon direban tasi, a gefen hagu inda muka saba tun kafuwar ƙungiyar.

A layin gaisawa bayan wasa Kotone ta riƙe hannuna da hannu biyu. "Sawako-san, in na ruɗe a kan dandamali korenki nake nema, sai ƙafata ta dawo." Na ce ina nan daram.

A jirgin ƙasan komawa gida na tsinci bakina yana rera baitin Hinano. Kunya ta rufe ni.

Laraba, 12 ga Maris
Akwai inda Hinano ta yi tuntuɓe a bidiyon, ta fashe da dariya, ba su yanke ba. Nan nake ta mayarwa. Mace da furfurarta, me ke damuna ne?

Lahadi, 16 ga Maris
Okabe-san ya gano ni muna cin taliya. "Ke, idon nan naki ya fara yawon dandi fa." Na ce ya ji da tsufansa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce jibi za a yi masa aikin gwiwa. "Kore ya rage ke kaɗai. Kar ki bar yarinyar nan a duhu."

Na bar sauran taliyar a kwano.

Asabar, 22 ga Maris
Waƙa ɗaya ce tak. Baitin Hinano ya zo, yatsana ya danna maɓallin, fitilar ta koma shunayya. Daidai nan Kotone ta waiwayo hagu. Ta makara a juyi, ta bangaji ta kusa da ita, wasu a gaba suka yi dariya. Na mayar da kore, amma ta riga ta gani.

Na so in gudu, na dai shiga layinta. Ta miƙo hannu ɗaya. "Shunayya ta yi miki kyau, Sawako-san." Da irin murmushin da take yi wa baƙi.

Na yi kuka a banɗakin tasha.

Talata, 25 ga Maris
Na je duba Okabe-san a asibiti. "Kore ya haska?" Na ce ya haska.

Asabar, 29 ga Maris
Na sayi fitila ta biyu, saboda batir kan mutu, shi ke nan. Kore na riƙe a dama tun farko har ƙarshe, hannuna har ya sage. Ta hagun ba zan rubuta launinta ba.

Kotone ta yi rawa yau kamar ba gobe, ko kuskure ɗaya babu. Ba ta kuma dubi gefenmu ba ko sau ɗaya.